An Gayyace Ka, Ka Biya, an Saɓa Alƙawari: Yadda Ake Bin Haƙƙi a Kano

Gayyatar kan zo ta rukunin WhatsApp, ko tallar rediyo, ko takardar da aka raba a ƙofar masallaci bayan Juma'a. Horon sana'a na mako biyu, kowa zai tafi da keken ɗinki da jari. Umara da masauki dab da Harami. Aikin tuƙi a ƙasar Larabawa da albashi kaza. Zuba hannun jari da riba duk ƙarshen wata. Mutum ya biya, ranar ta zo, babu abin da aka ambata, wayar mai gayyatar kuma ta daina shiga. Da yawa daga cikin waɗanda abin ya shafa suna da gaskiya, amma suna rasa kuɗinsu saboda sun fara da hayaniya kafin tattara hujja, ko sun kai kukansu inda ba a da hurumin share musu hawaye. Alƙali abu huɗu zai tambaya: me aka faɗa maka daidai, wa ya faɗa, me ka bayar saboda ka yarda da maganar, kuma nawa ka rasa. Duk matakan da ke tafe na shirya amsar waɗannan tambayoyin ne.

Mataki na farko: tantance irin maganar da aka yi maka

Ba kowace magana mai daɗi ce kotu ke ɗaure mutum da ita ba. "Ka zo rayuwarka ta canja", "babu kamarmu a Arewa", wannan kirarin talla ne, ba a gina ƙara a kansa. Haka kuma a dokar yarjejeniya da kotunan majistare da Babbar Kotu ke aiki da ita, talla galibi kiran mutane ne su zo a yi ciniki, cinikin kuwa bai faɗa ba sai ka miƙa buƙata an karɓa. Shi ya sa ranar da aka karɓi kuɗinka aka ba ka rasit ta fi ranar da ka ga tallar muhimmanci.

Sai dai talla kan zama alƙawari mai ɗaurewa idan ta fito da abu ƙayyadadde. Shari'ar da lauyoyin Najeriya ke kafa hujja da ita har gobe ita ce ta Carlill, wadda kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke a ƙarshen 1892. Wani kamfani ya yi shelar fam 100 ga duk wanda ya yi amfani da maganinsa sau uku a rana har mako biyu kuma ya kamu da mura, ya ƙara da cewa ya ajiye fam 1,000 a banki don a san da gaske yake. Wata mata mai suna Carlill ta bi ƙa'idar, mura ta kama ta, kamfanin ya ce ai talla ce kawai. Kotu ta ce ya biya. Saboda haka idan takardar gayyata ta ce "duk wanda ya kammala kwana goma zai karɓi keken ɗinki ɗaya", ga adadi, ga sharaɗi, ka kuma cika sharaɗin, kana da abin riƙewa.

Nau'i na uku shi ne ƙarya a kan abin da ke ƙasa lokacin da ake maganar: "muna da lasisi", "kekunan suna sito", "biza ta riga ta fito". Wannan ya bambanta da saɓa alƙawari, kuma bambancin shi zai zaɓa maka hanya. Wanda ya yi niyyar cikawa ya kasa, bashi ne a kansa, maganarsa ta kotun farar hula ce. Wanda ya san tun farko babu abin, ya faɗa don ya karɓi kuɗi, ya yi damfara, kana iya warware yarjejeniyar ka nemi kuɗinka, shi kuma yana iya fuskantar tuhumar laifi.

A kotun Musulunci ma akwai ma'auni mai kama da wannan. Mashahurin ra'ayi a mazhabar Malikiyya shi ne alƙawari na zama tilas a gaban alƙali idan an rataya shi a kan wani dalili, wanda aka yi wa alƙawarin kuma ya shiga ɗawainiya saboda shi. Misalin da malamai ke bayarwa shi ne mutum ya ce wa wani "rushe gidanka, zan ranta maka abin ginawa", shi kuwa ya rushe. Alƙawarin kyauta zalla wanda bai sa ka kashe komai ba, saɓa shi abin zargi ne a addini, amma da wuya alƙali ya tilasta shi.

Akwai wanda babu kotun da za ta tilasta a cika masa alƙawari: wanda ya ba da kuɗi don a saya masa gurbin aikin gwamnati ko a gyara masa sakamakon jarrabawa. Yarjejeniyar kanta haramtacciya ce. Mai irin wannan matsalar ya ga lauya kafin ya rubuta wa kowace hukuma komai, domin bayanin da zai yi na iya komawa kansa.

Mataki na biyu: tattara hujja kafin ya san ka farga

A nan ake cin yawancin shari'u, a nan kuma ake faɗuwa. Da zarar ka nuna fushi a rukuni, za a cire ka, a goge saƙonni, a sauke tallar daga Facebook. Don haka ka yi shiru ka fara aiki.

Ɗauki hoton fuskar waya na kowane saƙo yadda lambar mai turowa da kwanan wata za su fito. Idan ka adana lambar da suna, buɗe bayanan mutumin ka ɗauki hoton lambar ma, don "Oga Training" ba ya nuna wa alƙali kowa. Tallar da aka sa a sitatus tana ɓacewa bayan awa 24, ka ɗauke ta yau. Kwafe hirar gaba ɗaya ka tura imel ɗinka, ka sauke saƙonnin murya. Wayar da saƙonnin suka shigo kada ka sayar da ita a kasuwar waya ta Fam Santa, kada ka bari mai gyara ya wanke ta, domin ana iya neman a ga asalin.

Idan duk maganar ta baki ce ko ta kiran waya, tura masa saƙo cikin ladabi: "Alhaji, kamar yadda muka yi ranar Talata, na biya naira 45,000 a kan za a ba ni keke ranar rufe horo. Yaushe zan zo karɓa?" Amsar "ka ƙara haƙuri zuwa mako mai zuwa" ta wadatar, ya amsa da kansa cewa akwai alƙawarin.

Hujjar biya ta fi alat ɗin waya. Je banki ka karɓi bayanan asusunka na watan da hatimi a kai. Idan ta hannun mai POS ka tura, sunansa ne wanda ya karɓi kuɗin zai gani a matsayin mai turowa, ba naka ba, sai ka nemi ɗan rasit ɗin injin, ka yi masa hoto nan take saboda rubutunsa na gogewa, ka kuma riƙe lambar mai POS ɗin don shaida. Duba sunan asusun da kuɗin ya faɗa. Sau da yawa gayyata da sunan kamfani take, asusun kuwa na wani mutum ne daban, to ka adana saƙon da aka turo maka lambar asusun, shi ne igiyar da ta haɗa su.

A kotun majistare da Babbar Kotu, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce duk abin da aka fitar daga waya ko kwamfuta sai an bayyana na'urar da yadda aka fitar da shi da cewa tana aiki daidai, galibi ta hanyar takardar tabbaci mai sa hannu. Shafi ɗaya ce, amma rashinta kan sa a ƙi karɓar hirar gaba ɗaya. Harshen waɗannan kotunan Turanci ne, saboda haka hirar Hausa da saƙon murya sai an fassara su, mai fassarar kuma yana iya zuwa ya ba da shaida. Kotun Musulunci da Hausa take zama, wannan ɗawainiyar ba ta taso a can ba.

Karanta duk abin da ka sa wa hannu, har ƙananan rubutun bayan fom. Sashe na 128 na Dokar Shaida ya hana a kawo maganar baki don a sauya abin da aka rubuta a yarjejeniya, sai a wasu yanayi kamar zamba. Idan fom ya ce "za a ba da keke ga waɗanda suka fi ƙwazo" alhali talla ta ce "ga kowa", ƙararka za ta jingina ne ga yaudarar tallar, kuma lallai ka sami kwafinta.

Mataki na uku: wa za ka kai ƙara

Binciki sunan a shafin intanet na hukumar rajistar kamfanoni, CAC, kyauta ne. Idan kamfani ne mai "Limited", a idon doka shi daban, mai shi daban, kamfanin za ka kai ƙara da cikakken sunansa kamar yadda yake a rajista, harafi da harafi. Idan sunan kasuwanci ne kawai, mai shi ne ke ɗauke da bashin da kansa. Idan ba rajista sam, mutanen da suka yi maganar da wanda kuɗin ya shiga asusunsa su ne abokan shari'arka. Dillalin da ya bayyana wanda yake wa aiki galibi ba a kama shi da yarjejeniyar, amma idan shi ya shirya ƙaryar da bakinsa, ana haɗa shi.

Wanda ya biya shi ke ƙara. Idan yayanka ne ya tura kuɗin daga asusunsa, ku shiga tare ko ya zo shaida. Ka kuma samo adireshin da za a iske mutumin, gida ko shago, da kwatance. Shari'u da dama suna yin watanni ba a fara ba don sammaci bai isa hannu ba.

Duba lasisi ma, domin rashinsa hujja ce mai ƙarfi a kan yaudara: kamfanin Hajji da Umara a wurin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, mai tara kuɗin jama'a da sunan zuba jari a wurin hukumar kula da hannun jari, SEC, mai ɗaukar ma'aikata zuwa ƙasar waje a Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya.

Mataki na huɗu: lissafin asara

Ɗauki misalin horon nan. Kuɗin fom da rajista naira 45,000. Kuɗin adaidaita sahu naira 1,500 kullum har kwana goma, 15,000. Yadi da almakashi da zaren da aka ce kowa ya saya, 12,000. Jimla 72,000. Kowane layi da ranarsa da rasit ɗinsa, domin irin wannan asarar sai an zayyana ta ɗaya bayan ɗaya an kuma tabbatar da ita, alƙali ba ya cike gurbi da tausayi.

Daga nan sai ka zaɓa. Ko ka ce a mayar da kai inda kake kafin yaudarar, wato a dawo maka da 72,000. Ko ka ce a cika yarjejeniya, wato a ba ka keken ko kuɗinsa a kasuwa yau, ka kawo takardar farashi daga shago biyu. Ba a haɗa duka biyun, don ba za a mayar maka da kuɗin rajista a kuma ba ka abin da kuɗin ya saya ba. Ribar da "da ka samu" da keken ya zo tana da wuyar tabbatarwa, kuma kumbura adadi na rage wa maganarka daraja. Haka nan duk kuɗin da ka ƙara turawa bayan ka ga alamun ƙarya, "na kammala takardu" ko "na fito da kaya", za a tambaye ka dalili.

Mataki na biyar: takardar neman haƙƙi

Gajera, babu zagi, babu barazana:

"Assalamu alaikum, Alhaji. A ranar kaza na biya naira 45,000 cikin asusu mai lamba kaza bisa gayyatarku da ta ce duk wanda ya kammala horo zai karɓi keken ɗinki. Na kammala ranar kaza, har yau ba a ba ni ba. Na kuma kashe naira 27,000 a kan mota da kayan aiki. Ina neman a biya ni naira 72,000 cikin kwana 14 daga ranar da wannan takarda ta iso. Idan wa'adin ya wuce, zan kai maganar gaban kotu."

Yi kwafi biyu, wanda ya karɓa ya sa hannu da kwanan wata a kan naka. Idan ya ƙi, aika ta kamfanin kai saƙo ka riƙe rasit, ka kuma tura hotonta ta WhatsApp.

Kada ka wallafa hotonsa a Facebook da sunan ɗan damfara. Ɓata suna laifi ne a dokar hukunta laifuka ta Final Kod da ake aiki da ita a Kano, kuma mutane da yawa sun shiga da ƙarar kuɗinsu sun fito suna neman beli. Idan ya kawo wani ɓangare na kuɗin, karɓa, amma ka rubuta "na karɓi kaza, saura kaza" ku sa hannu, kada ka sa hannu a takardar da ta ce an gama magana. Idan cek ya ba ka, kai shi banki kafin wata uku. Cek ɗin da ya dawo don babu kuɗi laifi ne a dokar cek ta 1977, hukuncinsa ɗaurin shekara biyu.

Mataki na shida: sulhu

A Kano sulhu ya fi kotu saurin fito da kuɗi, musamman idan mutumin yana da mutuncin da yake tsoron zubewa. Ɗan Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau, shugabannin kasuwarsa sun san inda za su taɓa shi. Akwai mai unguwa da dagaci, akwai Hukumar Hisba, akwai kuma cibiyar sasanci ta Babbar Kotun Jiha a sakatariyar Audu Bako. Ko'ina aka yi, a rubuta: jimlar kuɗi, nawa za a biya kowace rana, abin da zai faru idan aka tsallake biya ɗaya, sa hannun shaidu biyu da na wanda ya tsaya masa. Sulhun da kotu ta amince da shi ya zama hukunci, ana zartar da shi ba sai an sake shari'a ba. Na baki kuwa, sabon alƙawari ne kawai daga wanda ya riga ya saɓa na farko. Sa wa zaman sulhu iyaka, domin doka ta ƙayyade lokacin shigar da ƙarar yarjejeniya, shekara biyar ko shida a yawancin jihohi, shaidu kuma suna watsewa tun kafin nan.

Mataki na bakwai: wace ƙofa

Idan kaya ko hidima ka saya, Dokar Gasa da Kare Masu Saye ta 2018 ta hana tallar ƙarya ko mai ruɗarwa a sashe na 123 da na 125. Ana kai ƙorafi hukumar kare masu saye ta tarayya, FCCPC, ta intanet, ko Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta Jihar Kano, kuma sashe na 146 ya bar maka damar zuwa kotu kai tsaye. Wannan hanyar na aiki sosai a kan kamfani mai ofis da suna, ba ta da tasiri a kan wanda ya tsere.

Idan kuɗin ƙayyadadde ne, kotun ƙananan basussuka, wadda aka buɗe a Kano a 2019 ƙarƙashin kotunan majistare, ita ce mafi dacewa. An fara ta da iyakar naira miliyan 5, rajistara zai gaya maka iyakar da kuɗin shigarwa na ranar da ka je. Fom ake cikewa, sai an fara aika takardar neman biya, mutum na iya tsaya wa kansa ba lauya, kuma an tsara a gama cikin kwana 60. Ba ta sauraron ƙarar da ke neman alƙali ya ƙiyasta diyya.

Kotun Musulunci ta dace idan ku duka Musulmi ne kuma da mutum kake shari'a. Kamfani mai rajista, lauyoyinsa kan ƙalubalanci hurumin kotun. Ƙa'idar a can sananniya ce: hujja a kan mai da'awa, rantsuwa a kan wanda ya musa. A sha'anin dukiya ana karɓar maza biyu adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwarka. Ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa ko ta miji da mata ga juna, kuma wanda zai amfana da hukuncin ana iya soke shaidarsa, to ka zaɓi shaidunka tun a gida. Idan ba ka da shaida ya kuma rantse, maganar ta ƙare. Kafin hukunci alƙali zai yi i'izari, ya tambaye ka ko kana da sauran hujja. Kada ka ce babu alhali akwai takarda a gida.

Kuɗi mai yawa ko ƙarar da ta ƙunshi zamba da diyya, sai Babbar Kotu da lauya. Ka sani cewa idan ka kira abin zamba a ƙarar farar hula, sashe na 135 na Dokar Shaida ya ɗora maka tabbatar da ita ba tare da wani kokwanto ba, kamar a shari'ar laifi. Lauya mai hankali kan gina ƙarar a kan saɓa yarjejeniya, ya ƙara zamba idan hujjarta ta cika.

Wurin 'yan sanda da EFCC maganar damfara ake kaiwa. Sashe na 320 na Final Kod ya yi bayanin cuta, dokar damfara ta 2006 kuma ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda ya karɓi dukiya da ƙarya. A takardar ƙorafinka ka nuna ƙaryar da ke nan tun ranar farko: lasisin bogi, ofishin da aka kama haya na wata ɗaya, mutane talatin da aka sayar wa kujera ɗaya. Idan bashi ne zalla, sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya, wanda ka sa aka tsare kuma yana iya maka ka a kotu kan tauye masa haƙƙi, diyyar ta fi kuɗin da kake bi. Idan kun yi yawa, ku haɗa ƙorafi ɗaya da jadawalin sunaye da adadi da ranar biya, amma kowa ya riƙe hujjarsa daban.

Bayan hukunci

Takardar hukunci ba ta kawo kuɗi da kanta. Karɓi kwafinta mai hatimi, sannan ka nemi kotu ta zartar. Hanya mafi sauri ita ce umarnin kotu ga bankinsa ya riƙe abin da ke asusun ya biya ka. Ana fara ba da umarnin wucin gadi, a kai wa banki da shi kansa mutumin aƙalla kwana 14 kafin zama, sannan a tabbatar da shi idan ba a kawo dalilin hanawa ba. Kawo sunan duk bankin da ka san yana hulɗa da shi. Idan asusun babu komai, ma'aikatan kotu na iya kama kayansa, mota ko kayan shago, a yi gwanjo, amma kai za ka nuna musu inda kayan suke, kuma sai nasa na kansa, ba na matarsa ko na mai gidan haya ba.

Idan kai hukuncin bai yi wa daɗi ba, je rajistara a makon ka tambayi wa'adin ɗaukaka ƙara, gajere ne, na kotun ƙananan basussuka ya fi kowanne gajarta. Shari'ar ciniki da ta fito daga Babbar Kotun Musulunci tana tafiya Babbar Kotun Jiha ne, domin sashe na 277 na kundin tsarin mulki ya taƙaita Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Musulunci ga lamuran aure da gado da wasiyya da makamantansu. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa da ke Kano. Wanda zai ɗauka kuma su rubuta kuɗin aikin tun ranar farko, a fayyace ko ya haɗa da kuɗin shigar da ƙara da na kai sammaci da na zartar da hukunci.